Ƙaryar da ake yafewa da wadda ba ta yafuwa a labaran 'yan fashin teku

Ranar 22 ga Nuwamba, 1718, sojojin ruwan Ingila ƙarƙashin Laftanar Robert Maynard suka ritsa da Edward Teach a mashigin Ocracoke da ke gaɓar Karolina ta Arewa, a ƙasar da yau ake kira Amurka. Teach, wanda duniya ta fi sani da laƙabin Blackbeard, wato Mai Baƙin Gemu, bai faɗi ba sai da harsashi ya same shi sau biyar, takobi kuma kusan sau 20. Aka datse kansa aka rataye a goshin jirgi. Iyakar abin da rahotannin lokacin suka adana ke nan. Bakin mutanen yankin kuwa ya ƙara da cewa wai da aka jefa gangar jikin cikin ruwa, sai da ta yi iyo ta kewaya jirgin kafin ta nutse.

Tun wancan zamani tarihin 'yan fashin teku da almararsu suke tafiya tare kamar tagwaye. A ƙarshen ƙarni na 20 sai marubuta suka mayar da wannan cakuɗa wani fanni na ƙagaggun labarai mai zaman kansa: a ɗauko mutanen da suka rayu da gaske, da ranaku da garuruwa na gaske, a zuba musu tsafi da fatalwa da aljannun ruwa. Masu karanta irin waɗannan littattafai sun daɗe suna jayayya kan ko hakan ya dace. Amma wanda ya bi muhawarar a tsanake zai ga cewa tsafin da ake ta ce-ce-ku-ce a kansa shi ne ƙaramin al'amari. Babban al'amarin yana can cikin abin da labaran suka saba tsallakewa, kuma ya shafi gaɓar tekun Afirka ta Yamma kai tsaye.

Littafin da ya zama ma'auni

Duk inda aka tayar da wannan zance, da wuya a ƙare ba a ambaci On Stranger Tides ba, littafin da marubucin Amurka Tim Powers ya wallafa a 1987. Labarin yana faruwa ne a 1718. Jarumin, John Chandagnac, mai wasan 'yar tsana ne da ya taso daga Turai zuwa tsibiran Karibiyan don ya ƙwato gadon mahaifinsa daga hannun wani baffansa. 'Yan fashi suka tare jirginsu, aka tilasta masa shiga cikinsu, aka raɗa masa suna Jack Shandy. Daga nan ya sami kansa cikin tafiyar da Blackbeard ke jagoranta zuwa dazukan fadama na Florida, neman wani marmaro da ake cewa yana mayar da tsoho yaro. A cikin ayarin akwai wani shehin malami daga Oxford, Benjamin Hurwood, wanda burinsa shi ne ya dawo da ruhin matarsa da ta mutu cikin jikin 'yarsa Beth.

Abin da ya bambanta Powers da sauran marubuta shi ne ƙa'idar da ya ɗaure kansa da ita: ba ya sauya abin da tarihi ya rubuta, sai dai ya nemi wuraren da halin mutanen tarihi ya zo da ban mamaki, ya ƙirƙiro musu ɓoyayyen dalili. An ruwaito cewa Blackbeard yakan soka lagwani mai ci da wuta a ƙarƙashin hularsa idan zai shiga faɗa, hayaƙi na tashi a kewayen fuskarsa. Masana tarihi sun ce dabarar tsoratar da abokan gaba ce. Powers ya mayar da ita wata larura ta tsafi da mutumin ba shi da damar bari. Ya kuma tanadi amsa ga mai tambayar dalilin da ya sa babu irin wannan tsafi a Turai: a duniyar littafin, ƙarfe yana kashe kaifin sihiri, don haka ya dusashe a inda ƙarfe ya yawaita, ya rage da ƙarfinsa a Sabuwar Duniya.

Tasirin littafin ya wuce shafukansa. Ron Gilbert, wanda ya ƙirƙiro wasan kwamfuta na The Secret of Monkey Island a 1990, ya bayyana cewa littafin na cikin abubuwan da suka zaburar da shi. Kamfanin Disney kuma ya sayi haƙƙinsa, ya ɗora sunansa a kan kashi na huɗu na fim ɗin Pirates of the Caribbean da ya fito a 2011, wanda ya tara fiye da dala biliyan ɗaya.

Inda kan masu karatu ya rabu

Rukuni na farko su ne masu kishin tarihi. Hujjarsu ita ce rayuwar 'yan fashin wancan zamani ta ƙunshi abin mamaki da ya ishi kowane marubuci, ba sai an kira fatalwa ba. Sukan kafa misali da Anne Bonny da Mary Read, mata biyu da suka yi fashi a jirgin John Rackham, aka gurfanar da su a Jamaika a watan Nuwamba 1720, aka yanke musu hukuncin kisa, sannan aka jinkirta zartarwa saboda kowaccensu ta ce tana da juna biyu. A ganin wannan rukuni, da zarar jarumi na iya tsira ta hanyar laya, to haɗarin igwa da guguwa da ƙishirwa ya zama wasan yara, jin tsoron da ke riƙe mai karatu kuma ya tafi.

Rukuni na biyu suna ganin akasin haka. Matuƙan jirgin ƙarni na 18, in ji su, mutane ne masu camfi ƙwarai, waɗanda suka yarda da fatalwa da tsinuwa da ranakun rashin sa'a. Marubucin da ya zare wannan daga labarinsa ya ba su kan mutumin zamaninmu ne, ya sa musu tufafin da kawai. Wanda ya bar tsafin ya yi aiki a cikin labari kuwa ya nuna duniya yadda su kansu suka gan ta.

Akwai kuma rukuni na uku, waɗanda suka iso littafin ta ƙofar fim. Da yawansu sun buɗe shi suna neman Jack Sparrow da barkwancinsa, suka tarar da labari mai duhu da zubar da jini, domin fim ɗin bai ɗauki wani abin kirki daga littafin ba in ban da suna, da Blackbeard, da neman marmaron. Wasu sun ji an yaudare su. Wasu kuma sun fito suna cewa ashe fim ɗin ne ya yi asara.

Ƙorafin da ya fi haɗa kan rukunonin uku shi ne na Beth Hurwood. Ita ce dalilin rabin abin da ke faruwa a labarin, amma a mafi yawan shafuka a tsare take, ana kai ta ana kawo ta kamar kaya, tana jiran mai ceto. Masu karatu na yau, musamman mata, sukan tambayi yadda zamanin da ya haifi Bonny da Read zai rasa macen da za ta riƙe takobi a cikin littafi.

Shi kansa tarihin da gishirinsa

Masu kishin tarihi suna da wata matsala da ba kowa cikinsu ke son a taɓo ba. Tushen mafi yawan abin da aka sani game da waɗannan 'yan fashi littafi ɗaya ne, A General History of the Pyrates, wanda aka buga a Landan a 1724 da sunan wani Kyaftin Charles Johnson. Har yau ba a tabbatar da ko wane ne shi ba. An daɗe ana danganta littafin ga Daniel Defoe, marubucin Robinson Crusoe, amma masana da dama sun ƙi yarda. Littafin ya dogara da jaridu da bayanan shari'a, sai dai ya ƙara gishiri inda ya ga dama. A juzu'i na biyu har akwai labarin wata jamhuriyar 'yan fashi a Madagaska mai suna Libertalia, wadda masana tarihi ke ɗauka ƙirƙira ce tsagwaronta.

Sauran siffofin da kowa ke ɗauka na ainihi ne kuwa, akasarinsu daga Treasure Island na Robert Louis Stevenson suka yaɗu, wanda ya fito a matsayin littafi a 1883: taswira mai alamar inda aka binne dukiya, da gurgu mai ƙafa ɗaya da aku a kafaɗa. Binne dukiya abu ne da ba a cika yi ba. Misalin da aka fi tabbatarwa shi ne na William Kidd, wanda ya ɓoye wani kaso na ganimarsa a tsibirin Gardiners kusa da New York a 1699, hukuma ta tono ta ba da jimawa ba, shi kuma aka rataye shi a Landan a 1701. Yawancin abin da 'yan fashi ke kwasa sukari ne da tufafi da barasa da magunguna da kayan gyaran jirgi, kuma sukan sayar su cinye kuɗin nan take.

Saboda haka mai cewa a ba shi tarihi tsantsa ba tare da almara ba, sau da yawa almarar Stevenson yake nema bai sani ba.

Jiragen da suka taso daga Ouidah

Jirgin da Blackbeard ya yi suna da shi, Queen Anne's Revenge, ba a ƙera shi don fashi ba. Asalinsa La Concorde ne, jirgin fataken bayi na birnin Nantes a Faransa. A 1717 ya ɗebi mutane fiye da 500 daga Ouidah, a Jamhuriyar Benin ta yau. Lokacin da Blackbeard ya kama shi kusa da tsibirin Martinique a watan Nuwamba na shekarar, fiye da 400 daga cikinsu na da rai a cikinsa. Bai 'yanta su ba. Ya riƙe wasu, ya bar mafi yawansu a hannun Faransawan, waɗanda suka ƙarasa da su kasuwa. An gano ɓuraguzan jirgin a 1996 a gaɓar Karolina ta Arewa.

Haka labarin Whydah yake, jirgin da Samuel Bellamy ya ƙwace a farkon 1717. Sunansa ma daga garin Ouidah aka samo shi, kuma an kama shi ne a hanyarsa ta komawa Ingila bayan ya sauke bayi a Jamaika. Ya nutse a watan Afrilu na shekarar kusa da Cape Cod, mutum biyu kacal suka tsira, sai a 1984 Barry Clifford ya gano shi. 'Yan fashi suna son jiragen bayi ne saboda gudunsu da faɗin cikinsu da yawan igwoginsu.

Bartholomew Roberts, wanda aka ƙiyasta ya kama jirage kusan 400, ma'aikaci ne a jirgin bayi lokacin da 'yan fashi suka ɗauke shi a Anomabu, a Ghana ta yau, a 1719. A watan Janairu 1722 ya shiga tashar Ouidah ya tsare jirage 11 yana neman fansa. Kyaftin ɗin jirgi ɗaya ya ƙi biya, mutanen Roberts suka banka wa jirgin wuta da bayi kimanin 80 a ɗaure cikinsa. Wata guda bayan haka jirgin yaƙin Ingila mai suna Swallow ya kashe Roberts kusa da Cape Lopez, a Gabon ta yau. Aka yi wa mutanensa shari'a a ganuwar Cape Coast, aka rataye 52. Baƙaƙen fatar da aka kama tare da su, su fiye da 60, ba a kai su gaban alƙali ba. Sayar da su aka yi.

Wannan shi ne abin da rukuni na huɗu na masu karatu ke magana a kai, kuma muryarsu na ƙara ƙarfi. Ba su damu da gawar da ke tafiya a kan jirgi ba, domin babu mai hankalin da zai ɗauke ta gaskiya. Damuwarsu ita ce ɗan fashi mai fara'a, ɗan tawaye mai son 'yanci, wanda ke yawo a tekun da babu jirgin bayi ko ɗaya a cikinsa. Wannan ƙaryar ce ke shiga zuciya ta zauna, saboda ta yi kama da gaskiya.

Masu kare 'yan fashin suna da abin faɗa su ma. Masanin tarihi Marcus Rediker, a littafinsa Villains of All Nations na 2004, ya nuna cewa akasarinsu talakawan ma'aikatan jirgi ne da suka rasa aiki bayan yarjejeniyar Utrecht ta 1713 ta kawo ƙarshen yaƙi, ko kuma suka gudu daga bulala da yunwa da cin albashi a jiragen 'yan kasuwa. A jiragensu ana zaɓen kyaftin da ƙuri'a, ana iya tsige shi. Dokokin jirgin Roberts sun ba kyaftin kaso biyu kacal na ganima, sun kuma tanadi diyya ga wanda ya rasa hannu ko ƙafa a bakin aiki. Akwai baƙaƙen fata da suka zama cikakkun 'yan ƙungiya. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai mutanen da suka rubuta waɗannan dokoki su ne dai suka ƙone jirgi a Ouidah, kuma labarin da ya ɗauki ɓangare ɗaya ya ajiye ɗayan bai cika ba.

Tsafin wa ake ara?

Da aka dubi tsafin kansa, sai aka ga shi ma hanyarsa ta bi ta gaɓar Afirka. Sihirin da Powers ya gina labarinsa a kai daga Vodun ya aro shi, addinin da bayi suka tsallaka da shi daga ƙasashen Fon da Ewe da maƙwabtansu zuwa Haiti da sauran tsibirai. A Jamhuriyar Benin addini ne da hukuma ta amince da shi, ana kuma bikinsa kowace shekara a watan Janairu, musamman a Ouidah. Wasu masu karatu suna yaba wa Powers cewa ya yi bincike, ya kuma ba abin tsari da ƙa'ida maimakon shirme. Wasu kuwa suna lura da cewa a irin waɗannan labarai Bature ne kullum ke cin moriyar sirrin, masu abin kuma sai dai su zama bokaye a gefen labari ko abin tsoratarwa. An ɗauki abin da bayin suka zo da shi, an bar bayin a waje.

Wata hanya daga Tekun Indiya

A 2023 marubuciya Shannon Chakraborty, Ba'amurkiya Musulma, ta fitar da The Adventures of Amina al-Sirafi, wanda ya kai zagayen ƙarshe na gasar Hugo a 2024. Ta bar Karibiyan gaba ɗaya, ta koma Tekun Indiya na ƙarni na 12, duniyar Aden da Mogadishu da tsibirin Socotra. Jarumar tsohuwar shugabar 'yan fashi ce da ta tuba ta koma gefe tana renon 'yarta, sai wata attajira ta tilasta mata komawa teku neman jikarta da wani Bature mai neman sihiri ya tafi da ita.

Littafin ya amsa ƙorafe-ƙorafe da dama a lokaci guda. Mace ce ke riƙe da jirgi, kuma uwa ce da shekaru suka fara ja. Abubuwan al'ajabin daga taskar labaran mutanen yankin suka fito, irin duniyar da Sindbad ya yi yawo a ciki. Musulmi da yawa sun ji daɗin ganin jaruma mai salla, mai kokawa da zunubanta na baya. Amma bai tsira daga suka ba. Wasu sun ce bakin Amina da barkwancinta na mutumin ƙarni na 21 ne. Wasu Musulmin kuma ba su gamsu da yadda aka taɓo wasu al'amuran aure da jinsi ba. Ko ba komai, ya nuna cewa ana iya shigo da aljannu cikin labari ba tare da an kori mutanen da tekun yake nasu ba.

Mai karatu a Najeriya

Cakuɗa tarihi da almara ba baƙon abu ba ne ga wanda ya tashi da adabin Hausa. Ganɗoki na Muhammadu Bello Kagara, ɗaya daga littattafan gasar 1933 da aka buga a 1934, ya faro ne da yaƙe-yaƙen Kontagora da zuwan Turawa, sannan ya wuce da jaruminsa ƙasashen aljannu, kuma ba a ji makaranta sun ce an cuce su ba. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam ma neman wani ruwa mai ban al'ajabi ne, kamar marmaron Florida. Kunnen da ya saba da waɗannan yana iya rarrabe inda marubuci ke wasa da inda yake ba da shaida.

Abin da zai fi yi wa mai karatu a nan wuyar haɗiya shi ne ɗaukaka ɗan fashin kansa. A watan Mayu 1718 Blackbeard ya toshe tashar Charleston, ya tsare fasinjoji har da wani ɗan majalisar yankin, ya yi barazanar kashe su idan ba a kawo masa akwatin magunguna ba. A littafi wannan jarumtaka ce. A Najeriya sunansa garkuwa da mutane don neman fansa. Cibiyar IMB mai bin diddigin fashin teku ta ce daga cikin ma'aikatan jirgi 135 da aka sace a duniya a 2020, 130 a Mashigin Tekun Gini aka ɗauke su. Sai da Najeriya ta kafa dokar yaƙi da fashin teku a 2019, hukumar NIMASA kuma ta ƙaddamar da shirin Deep Blue a 2021, kafin al'amarin ya lafa. Jami'in da ya yi aiki a kan waɗannan takardu ba zai karanta labarin ɗan fashi mai ban dariya da ido ɗaya da mai karatu a Landan ba.

Wannan ba ya nufin a ajiye littattafan. On Stranger Tides labari ne mai riƙe mutum har ƙarshe, na Chakraborty ma haka, kuma mutane da yawa ta hanyarsu suka fara neman sanin ainihin tarihin. Abin da muhawarar masu karatu ta fito da shi ma'auni ne da ya fi tsohuwar tambayar ko akwai tsafi ko babu amfani. Marubuci na da damar tayar da matattu, ya kira aljannu, ya sa jirgi ya yi tafiya ba iska. Abin da mai karatu zai bincika shi ne ko an faɗa masa daga wace tasha jirgin ya taso, da kuma su wa ke ɗaure a cikinsa kafin a sauya masa suna.